Ƙudan da ya shiga akwati

Nura Jidda: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, yau ba cigiyar aiki na kawo ba, ba kuma sanarwar suna ba. Jiya da na tashi daga dawam, wato aiki, abokin kwanana ya kunna mana wani tsohon fim na Turawa, The Fly, wato Ƙuda, na shekarar 1986. Wallahi har yanzu cikina bai koma daidai ba. Da safe na sayo ful da tamis, wato wake da gurasa, ƙuda ɗaya ya sauka a bakin kwanon, sai na ture abincin gaba ɗaya.

Labarin wani masanin kimiyya ne da ya ƙera akwatuna biyu. In aka sa abu a ɗaya, kwamfuta za ta warware shi filla-filla ta sake haɗa shi a ɗayan. Ya gwada da gwaggon biri, na farko ya fito ciki a waje, na biyu ya fito lafiya. Ran nan kishin budurwarsa ya kama shi, ya sha giya ya bugu, ya shiga akwatin da kansa. Ashe ƙuda ya riga shi shiga. Kwamfuta ta ga halitta biyu, ba a gaya mata yadda za ta yi da biyu ba, sai ta cakuɗa su. Da fari ƙarfi ya zo masa, ga kwaɗayin sukari. Daga nan farce ya fara fita, haƙora suka zube, kunne ya faɗi, yana tafiya a jikin bango.

Tambayata ga masu ilimin cikinmu: wannan abin zai yiwu? Don kullum muna jin ana cewa Turawa na haɗa ƙwayoyin gadon mutum da na dabba.

Hajiya Uwani: Kai Nura wa ya aike ka? Mutum ya kwaso gajiya, maimakon ya yi shafa'i da wuturi ya kwanta, sai ya je kallon ƙuda. Ful ɗin da ka ture kuma riyal nawa ne?

Sadiku Riyad: Hajiya ki bar shi, ya faɗa hannun gwani ne. David Cronenberg ne ya shirya shi, mutumin Kanada, kuma shi ne ake kira uban irin waɗannan finafinai da abin tsoron ba aljani ba ne, ba ɗan fashi ba ne, jikinka ne da kansa yake juya maka baya. An fara yin labarin a fim tun 1958, amma a wancan kai da hannu kawai suka yi musaya, mutum ya fito da kan ƙuda, ƙuda ya tashi da kan mutum. Yau in ka kalla dariya za ka yi. Na 1986 ɗin ne ya mai da abin a hankali, kamar ciwo. Har kyautar Oscar ya samu a fannin kwalliyar rikiɗa, kuma duk da hannu aka yi, roba da fenti, ba kwamfuta.

Malam Habibu Madina: Wa alaikumus salam. Kafin a yi nisa, ni ban kalla ba kuma ba zan ba kowa shawarar ya kalla ba, don na san irin waɗannan ba sa rasa tsiraici. Amma ƙuda da aka ambata ya tuna mini aya ta 73 a Suratul Hajji, inda Allah ya buga misali cewa waɗanda ake kira baicinSa ba za su iya halittar ƙuda ba ko da sun taru a kai, kuma in ƙudan ya ƙwace musu wani abu ba za su iya karɓowa ba. Ga mutum ya ƙera injin da yake ganin ya gama da duniya, ƙuda ɗaya ya rusa shi. Ko wanda ya rubuta labarin bai san ayar ba, ya yi mata aiki.

Sai kuma aya ta 119 a Suratun Nisa'i, inda Shaiɗan ya yi alkawarin zai umarci mutane su canza halittar Allah. A nan nake tsaye.

Dakta Rabi: Salamu alaikum. Yanzu na fito daga ɗakin gwaji na ga saƙonni. Nura kwantar da hankalinka ka ci abincinka, abin da ka gani ba zai yiwu ba. Mutum yana da igiyoyin gado 46 a kowace ƙwayar halitta, ƙudan gida yana da 12. Ba fura da nono ba ne da za a zuba a ƙwarya a dama. In aka cusa su wuri ɗaya ƙwayar mutuwa za ta yi, ba za ta fito da fiffike ba. Kuma ga wani abin da masu fim ɗin suka tsallake: jikin kowannenmu cike yake da bakteriya, a hanji da fata da baki, yawansu ya kai yawan ƙwayoyin jikin namu. In da kwamfutar tana cakuɗa duk mai rai da ta samu a akwatin, ai ba sai an jira ƙuda ba.

Amma akwai abin da ya fi fim ɗin ban mamaki, kuma shi gaskiya ne. A 1995 a birnin Basel na Suwizalan, ɗakin gwajin wani masani Walter Gehring ya ɗauki ƙwayar gadon da ke ba da umarnin a yi ido, ya kunna ta a ƙafa da fiffiken ɗan ƙaramin ƙudan nan da ke bin 'ya'yan itace. Ido ya fito a wuraren. Suka ɗauko irin wannan ƙwayar daga ɓera suka sa, ido ya sake fitowa. Ido irin na wa? Na ƙuda, ba na ɓera ba. Wato umarnin iri ɗaya ne, amma kowane jiki da kayan gininsa yake aiki.

Nura Jidda: Ido a ƙafa? Dakta kin ce in kwantar da hankali kuma kin ƙara tayar mini da shi.

Usman Mai Wurno: Dakta ranki ya daɗe, to alfadari fa? Mu a gida Sudan mun tashi muna ganinsa. Larabawa ma na da karin magana, wai an tambayi alfadari wane ne ubanka, ya ce doki kawuna ne.

Dakta Rabi: Alfadari shi ne hujjata, Usman. Doki 64, jaki 62, 'yan uwan juna ne na kusa, duk da haka ɗansu ya fito da 63 kuma galibi ba ya haihuwa. In tsakanin doki da jaki an samu wannan cikas, ina ga mutum da ƙwaro?

Malam Habibu Madina: Kuma an ambaci alfadarai a Suratun Nahli tare da dawaki da jakuna a cikin ni'imomi. Wannan na yarda. Amma dabba da dabba ke nan. Ɗan Adam an karrama shi, hukuncinsa daban.

Baba Alhaji Makka: Ina ta karatu ina jin ku. Ni shekarata arba'in da wani abu a garin nan, tun ana hawa motar haya daga Shari'a Mansur zuwa Harami da 'yan kuɗi kaɗan. A zamaninmu duk wannan sunansa ɗaya, wasa da ikon Allah. A ƙauyenmu ana ba mu labarin masu rikiɗa su zama kura da dare, muna jin tsoro. Yanzu ga shi masu farar riga ne ke son rikiɗar da mutane. Ni dai duk abin da aka taɓa masa ƙwayar halitta ba zai shiga jikina ba.

Dakta Rabi: Baba, Allah ya ƙara girma. Zan yi tambaya amma kada a ce na yi rashin kunya. Allurar ciwon suga da ka taɓa ce mana kana yi safe da dare, har yanzu kana yin ta?

Baba Alhaji Makka: Shekara goma sha ɗaya ke nan, 'yata. In ban yi ba ai ba zan iya ɗawafi ba.

Dakta Rabi: To Baba ita ce. Da can daga cikin shanu da aladu ake tatso insulin, wato daga gaɓar da ke sarrafa suga, wadda ake kira pancreas. Daga 1982 aka fara sayar da wanda aka samu ta hanyar ɗaukar ƙwayar gadon mutum a dasa ta cikin bakteriya, bakteriyar ta riƙa yin insulin irin na mutum a cikin manyan tankuna. Yau kusan duk wanda ake sayarwa a saidaliyya, wato kantin magani, haka ake yin sa, ko da bakteriya ko da yis irin na burodi. Haɗin mutum da wata halitta ke nan, kuma shi ya raba Musulmi da na alade.

Hajiya Uwani: Innalillahi. Alhaji ashe kai ne ƙudan.

Baba Alhaji Makka: Uwani zan cire ki daga zauren nan, ni ne shugaba. Dakta kin kama ni. Bari in sha ruwa in dawo.

Malam Habibu Madina: Gyara kaɗan, don kada a ɗauka malamai sun haramta komai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, wadda hedikwatarta ke nan Jidda, ta zauna a 1997, watanni kaɗan bayan an bayyana wa duniya tunkiyar nan Dolly da aka yi kwafinta a Sikotilan. Ta haramta kwafin ɗan Adam ta kowace hanya, amma ta halatta amfani da wannan ilimi a kan ƙwayoyin cuta da tsirrai da dabbobi in akwai maslaha kuma babu cutarwa. A 1998 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta halatta shi don rigakafi da magani, ta hana a yi amfani da shi wajen wasa da halittar mutum da sunan gyara iri. Saboda haka allurar Baba ba ta da matsala. Abin da nake tsoro shi ne ƙofar da in an buɗe ba a san mai rufe ta ba.

Sadiku Riyad: Allah gafarta Malam, ni ina ganin kowa ya kalli fim ɗin ta inda ba nan ne zuciyarsa ba. Ku cire akwatin, ku cire ƙudan. Me ya rage? Mace tana kallon wanda take so yana lalacewa a gabanta, kullum ta zo ta tarar wani abu ya ragu. Akwai inda kunnensa ya faɗi, yana tsoro kamar yaro, ita kuma duk da ƙyama ta rungume shi. A lokacin da fim ɗin ya fito ƙanjamau na kashe mutane a Amurka, da yawa suka ce shi ake nufi. Shi mai fim ɗin ya ce tsufa da ciwo yake nufi, abin da ke jiran kowa.

Ni na yi jinyar mahaifina wata takwas. Mutumin da yake ɗaukar buhun gero shi kaɗai ya koma sai na juya shi a gado. Ranar da na kalli fim ɗin ban ga ƙuda ba sam. Kuma mu da muka taso muna ganin kutare a bakin kasuwa, yatsu sun gutsure, mutane na jefa musu sadaka daga nesa, bai kamata a ce sai Bature ya koya mana wannan tsoron ba.

Hajiya Uwani: Allah ya jiƙan mahaifinka Sadiku. Na daina wasa.

Malam Habibu Madina: Amin. Amma ƙarshen fa? An ce mini kashe shi ta yi.

Nura Jidda: E Malam. Ta samu ciki, tana tsoron abin da za ta haifa, tana son a cire. Shi kuma ya sace ta yana son ya haɗa su su uku a akwatin su zama jiki ɗaya, wai ko ya dawo mutum. Abin ya ɓaci, ya fito a haɗe da ƙarfen akwatin. Sai ya ja jiki ya kama bakin bindigar da ke hannunta ya ɗora a kansa. Tana kuka ta harba.

Malam Habibu Madina: To wannan ba mu da shi. Komai tsananin ciwo ba a kashe majinyaci don tausayi, ko da shi ya roƙa. Irin saƙon da ke shigewa ke nan mutum yana tsammanin nishaɗi yake.

Sadiku Riyad: Ban ce ta yi daidai ba Malam. Cewa na yi na san abin da ya sa hannunta ke rawa.

Dakta Rabi: Ni kuma a matsayina na mai aikin ɗakin gwaji, abin da ya fi tsaya mini a rai daban ne. Mutumin nan shi kaɗai yake aiki a wani tsohon sito. Kamfanin da ke ba shi kuɗi bai san takamaiman abin da yake yi ba. Gwaji ɗaya ya yi nasara a kan biri, bai jira ya ga ko birin zai kwana lafiya wata ɗaya ba. Ya shiga a buge, cikin fushi, babu wanda zai ce masa tsaya a duba akwatin. Da akwai ko ɗalibi ɗaya a wurin da ya ga ƙudan. A wurin aikinmu kafin in ɗebi jinin mutum don bincike sai kwamitin ɗa'a ya sa hannu, sai majinyacin ya karanta takarda ya yarda. Muna ƙorafi takardu sun yi yawa, amma wannan jinkirin shi ne mutum na biyu a ɗakin.

Kuma an yi irinsa a zahiri. A Nuwamban 2018 wani masani ɗan Sin, He Jiankui, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata da ya gyara musu ƙwayar gado tun suna ɗan tayi, wai don kada su kamu da ƙanjamau. Uban ne ke da cutar, kuma tuni akwai hanyoyin da aka sani na kare jariri ba tare da an taɓa gadonsa ba. A ɓoye ya yi. Kotu a Sin ta ɗaure shi shekara 3 a ƙarshen 2019. Ya fito a 2022. Yaran kuma da abin za su rayu, kuma za su iya gadar wa 'ya'yansu. Ga bambancin: na cikin fim kansa ya sa a akwati, wannan 'ya'yan wasu ya sa.

Usman Mai Wurno: A nan nake son a tsaya. Kullum 'ya'yan wasu ne. Ku mutanen Kano kun fi ni sani.

Baba Alhaji Makka: Na dawo. Usman ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. A 1996 sanƙarau ya ɓarke a Arewa, kamfanin Pfizer ya zo Kano ya gwada sabon magani Trovan a kan yara kusan 200, rabi aka ba su shi, rabi aka ba su wani. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne. Kamfanin ya ce ya nemi izini da baki kuma cutar ce ta kashe su. Aka yi ta shari'a har 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. To Dakta, lokacin ina kwamitin naku yake? Ina mutum na biyun?

Dakta Rabi: Ba ni da amsar da za ta yi maka daɗi Baba. Dokar neman yardar mutum tana nan tun shari'ar likitocin Nazi a Nuremberg a 1947, amma a Amurka kanta an ci gaba da barin baƙaƙen fata da ciwon tunjere ba magani a Tuskegee har 1972 don a ga yadda cutar ke cin jiki. Doka ba ta tsare kanta. Sai dai ka duba abin da ya biyo baya. Da aka rasa amana, a 2003 Kano ta dakatar da rigakafin shan inna har tsakiyar 2004. Cutar ta bazu ta kai Sudan da Yaman har Indunusiya. Yaran da suka shanye a lokacin ba su san Trovan ba.

Baba Alhaji Makka: Na tuna. Har aka koma ɗiga wa alhazanmu maganin a baki a filin jirgin Jidda, dattijo da furfurarsa ya buɗe baki kamar jariri. Mun ji kunya a shekarun nan.

Maman Walid: Salamu alaikum. Ban cika magana a nan ba, amma tun ɗazu nake karantawa daga gadon asibiti, ba ni ce a kwance ba, ɗana ne. Shekararsa 13, sikila gare shi. Wannan ne kwanciya ta huɗu a bana.

Nura ka ce ka ga farce ya fita a fim ka kasa cin abinci. Ni na ga yatsun ɗana sun kumbura tun yana wata bakwai. Na ga idonsa ya koma ruwan ɗorawa. Na ji shi da tsakar dare yana cewa Umma ki cire mini ƙafar. Ƙashin ƙugunsa ya fara lalacewa, yana ɗingishi. Ba akwati ya shiga ba, ba masani ne ya yi masa ba. Ni da babansa muka ba shi, mu 'ya'yan wa da ƙani ne, aka ɗaura mana aure a gida ba wanda ya ce a yi gwaji.

Malam ina girmama ka. Amma in yau aka ce mini akwai mai iya shiga cikin jinin yaron nan ya canza abin da muka gadar masa, wallahi ba zan tambayi sunan abin ba. Kuna ta maganar ƙofar da za a buɗe. Ni a bakin ƙofar nake zaune.

Malam Habibu Madina: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ce, ya ba ki ladan haƙuri. 'Yar uwa ba da ke nake ba, kuma ba da wannan nake ba. Neman magani umarni ne, Annabi (SAW) ya ce ku nemi magani ya bayin Allah. Mayar da jini yadda ya kamata ya kasance ba canza halitta ba ne. In maganata ta yi miki nauyi ki yafe ni.

Dakta Rabi: Yaya, sannu. Abin da kike faɗa akwai shi, sunansa Casgevy. Ingila ta amince da shi a Nuwamban 2023, Amurka a Disamba, hukumar magunguna ta nan Saudiyya a farkon 2024, ga masu shekara 12 zuwa sama. Ba a sa wa yaro komai na dabba. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikinsa, a yi amfani da almakashin gado da ake kira CRISPR a kashe wani makunni, sai jiki ya koma yin irin jinin da jariri ke yi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje. Sannan a mayar masa. Gyaran a jikinsa yake tsayawa, ba ya wucewa ga 'ya'yansa, nan ya bambanta da aikin ɗan Sin ɗin can.

Amma ba zan ɓoye miki ba. Kafin a mayar sai an ba shi magani mai ƙarfi irin na masu kansa don a share tsohon ɓargo, ya yi makonni a asibiti, kuma maganin na iya hana haihuwa. Kuɗinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne, sama da riyal miliyan 8.

Maman Walid: Na sani Dakta. Na karanta tun ranar da aka sanar, na lissafa da albashin babansa. Ko shekara ɗari zai yi yana tuƙi ba ci ba sha ba zai tara ba. Mu da ko iƙama, wato takardar izinin zama, sai mun yi karo-karo muke sabuntawa.

Sadiku Riyad: Wannan fim ɗin ne ba wanda ya shirya. Najeriya ake haifar jarirai masu sikila kusan 150,000 a shekara, ta fi kowace ƙasa, maganin kuma yana inda masu shi ba za su kai ba. A nan kuwa kun tuna 2018 da aka kori raƙuma 12 daga gasar kyau ta bikin Sarki Abdul'aziz saboda an yi musu allurar Botox a leɓe? Dubai ma tun 2009 suka yi kwafin raƙuma. Raƙumi na samun abin da ɗan mutum bai samu ba.

Usman Mai Wurno: Amma a yi adalci. A ƙasar nan ne likitoci ke raba tagwayen da aka haifa a manne, tun 1990 suke yi, kuma kyauta ake ɗauko su daga ƙasashe. A 2024 an raba wasu 'yan mata daga Kano a Riyad. Fim ya haɗa biyu ya zama ɗaya, su kuma sun mai da ɗaya biyu.

Nura Jidda: To zuciyar alade da na ji an dasa wa wani fa? Ko ita ma ƙarya ce?

Dakta Rabi: Gaskiya ce. Janairun 2022 a jami'ar Maryland. An canza wa aladen ƙwayoyin gado 10, wasu an cire, wasu na mutum aka ƙara, don kada jiki ya ƙi zuciyar. Mutumin ya rayu wata biyu. Ɗaya daga cikin jagororin aikin Musulmi ne haifaffen Pakistan, Dakta Muhammad Mohiuddin. Majinyacin babba ne, an gaya masa komai, ba shi da wata mafita, ya sa hannu.

Malam Habibu Madina: Wannan babin lalura ne, kuma malamai sun yi magana a kai: in babu wani abin da zai maye gurbi kuma rai na cikin haɗari, da yawa sun sauƙaƙa. Amma ina da tambaya da ba ta fiƙihu ba. Wanda aka ce masa ko wannan ko kabari, yardarsa yarda ce? Maman Walid ta ce ba za ta tambayi sunan abin ba. Na fahimce ta. To irin ta ne mai mugun nufi zai fara nema.

Maman Walid: Haka ne Malam. Shi ya sa nake son ku masu ilimi ku tambaya a madadina. Ku tambaya, amma kada ku rufe.

Hajiya Uwani: Maman Walid wane asibiti kuke? Ki turo mini ta bayan fage. Gobe in sha Allahu zan dama kunun gyaɗa in aiko Nura da shi, tunda shi ya tayar da zancen. Kuma Nura ka rufe kwanon da kyau saboda 'yan uwanka.

Nura Jidda: Na ji Hajiya. Bayan la'asar ina nan.

Dakta Rabi: Yaya ki tambayi likitansa maganar maganin hydroxyurea in ba a fara ba shi ba, da kuma gwajin ƙannensa ko akwai wanda ɓargonsa ya dace da nasa. Dashen ɓargo daga ɗan uwa ya daɗe ana yi kuma yana warkarwa. Sauran jama'a kuma, gwamnatin nan tun 2004 ta wajabta wa 'yan ƙasa gwajin sikila kafin aure, saboda yawanta a Ƙaɗif da Ahsa da Jazan. Mu baƙi muna ɗaura aure a falo ba mai tambaya. In AS ya auri AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo SS. Kowane ciki, ba wai ɗa ɗaya cikin huɗu ba.

Usman Mai Wurno: Jama'a tun ɗazu nake rubutawa ina gogewa. Bayan Babbar Salla za a ɗaura mini aure da 'yar kawuna. Suna Gadarif tun da yaƙi ya tashe su. Ni na san AS ne, an gaya mini lokacin da na ba da jini. Ita ba a taɓa yi mata ba. An riga an kai kaya, an sa rana. In aka gwada ta fito AS, wa zai iya tsayawa gaban kawu ya faɗa masa? Shi ya riƙe ni bayan rasuwar babana.

Maman Walid: Usman ƙanena, ka zo asibitin nan gobe tare da Nura. Ba zan ce maka komai ba. Ka zauna da Walid awa ɗaya kawai.

Baba Alhaji Makka: Ɗana, a fara yin gwajin tukuna, wataƙila ma AA ce kana ta wahalar da kanka. Ka tura kuɗin gwajin yau, ka ce sharaɗin takardun nan ne in kana jin nauyi.

Malam Habibu Madina: Baba ban da ƙarya.

Baba Alhaji Makka: To Malam, ya ce ni na sa shi, wannan ai gaskiya ce. In sakamakon ya fito yadda ba a so, ba kai za ka kira kawun naka ba, ni zan kira shi, tsoho da tsoho. Turo mini lambarsa ta bayan fage, da sunan da ake kiransa da shi a gida.